Yadda za ka amso motarka in an kama ta da ƙwaya ba da saninka ba

Tambayar nan ta yi yawa a wajena tun da abin ya faru da kawuna, duk wanda aka kama ma mota sai a ce je ka wajen wane shi ya san kan abin, to ni ba lauya ba ne, zirga-zirga dai na sha har na haddace hanya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Kawuna na da Sharon guda da ke yin Katsina zuwa Kano, direba ke ja, ya kawo balas da yamma. Wata rana za su taso daga Kano, an fito tasha kenan sai wani ya tsayar da direban bakin hanya ya ba shi kwali biyu, wai sabulu ne da maganin sauro, a aje mashi Katsina wani zai amsa ya wuce da su Jibiya. Ya ba shi kuɗin webil mai ɗan kauri, direba ya ji daɗi, ya cusa kwalaye ƙasan kujerar baya. Ba su kai Charanchi ba aka tsayar da su a shinge, aka farke kwali, sabulu layi ɗaya ne a sama, ƙasa duk tiramol. Aka sauke fasinja, aka wuce da direba da mota. Kawu shina gida yana jiran balas.

Kafin ka ɗaga ƙafa ka je ko'ina, ka fara gane matsayin motarka a idon doka, don nan ne mutane ke ɓata. Hukumar NDLEA, wato hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, an kafa ta tun 1989, kuma dokarta ta ce duk abin hawan da aka yi amfani da shi wajen ɗaukar ƙwaya, mota ce ko jirgi, ana iya ƙwace shi ya zama na gwamnatin tarayya. Wannan ya haɗa da babur da kurkura da tirela. Amma sashe na 32 na dokar ya bar ƙofa uku. Ta farko, motar haya mai ɗaukar kowa da kowa ba a ƙwace ta sai in ya bayyana mai ita ko wanda ke riƙe da ita ya san da abin ko ya yarda. Ta biyu, in motar ta fita hannunka ta haramtacciyar hanya, kamar an sace ta aka yi aikin da ita. Ta uku, in ka tabbatar an yi abin ba da saninka ba, ba da yardarka ba, ba kuma da haɗin bakinka ba. Ka lura da kalmar "ka tabbatar", nauyin yana bisa kanka, ba wanda zai zauna ya nemo maka hujja. Duk wahalar da za ka sha abu biyu kawai kake son nunawa, motar taka ce, kuma ba ka sani ba. Roƙo da kuka da kai Alhaji wane ya sa baki ba ko ɗaya daga ciki.

Sannan kamawa daban, ƙwacewa daban. Hukuma na da ikon riƙe mota don bincike, kundin tsarin mulki na 1999 ma a sashe na 44 da ya kare dukiyar mutum ya yarda da riƙon wucin gadi saboda bincike. Amma mayar da ita mallakin gwamnati aikin kotu ne, kuma shari'ar ƙwaya ta NDLEA Babbar Kotun Tarayya ce ke yinta, muna da ita nan cikin Katsina. Ba kotun majistare ba, ba kotun shari'a ba, ba fadar hakimi ba.

To mataki na farko, kwanakin farko bayan kamu. Ka binciko wa ya kama, ina aka kai motar. Wani lokacin 'yan sanda ko kwastan ko soja ne suka kama sannan su miƙa ma NDLEA, wani lokacin kuma motar Katsina ce amma a jihar Kano ko Kaduna ko Kogi aka tare ta, to can za ka bi, kwamandan can ne ke da fayil ɗin, kotun can ce za ta saurara. Ciyaman ɗin yuniyan na tasharku yakan riga kowa jin labari, fara da shi.

Kuma don Allah kar ka tafi kai kaɗai. Na san mun saba da zuwa da kai ya fi saƙo, amma a nan da zarar ka ce ni ne mai mota ka shiga cikin waɗanda ake bincika, kuma hakan ba zalunci ba ne, dole su tambaya. Ka tafi da lauya. In babu hali akwai ofishin Legal Aid na gwamnatin tarayya da ke taimaka ma marasa ƙarfi, ka fara leƙa su, ko ka tambayi ƙungiyar lauyoyi reshen Katsina. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 da lauyoyi ke ce ma ACJA ta ba wanda ake tuhuma damar lauyanshi ya zauna lokacin da ake ɗaukar bayaninshi, in ba ya jin Turanci a samo tafinta ya karanta mashi abin da aka rubuta. Kar ka dangwala hannu bisa abin da ba a karanta maka ba. Ita dai dokar ta hana a kama wani a madadin wani, kenan ba a riƙe ka don kawai direbanka ya gudu, sai in akwai abin da ya haɗa ka da laifin kai kanka. Ka nemi a nuna maka jerin kayan da aka rubuta an amsa, ka duba ko lambar motar daidai take, ko an sa safaya da jak da takardun da ke cikin dashbod.

Mataki na biyu shi ne takardu, kuma wallahi nan ne yawancin mutanenmu ke faɗuwa. Ka tattaro takardar shaidar mallaka, lasin ɗin mota, inshora, takardar lafiyar mota ta bi'ayo, takardar da aka ba ka lamba, rasit ko yarjejeniyar saye, takardun kwastan, da katin shaidarka na ɗan ƙasa. Ka yi hoto na kowace kamar kwafi huɗu, asalin kuma kar ya bar hannunka sai dai a gani a maido maka. In asalin takardun na cikin motar aka kama, kamar yadda direbobi suka saba ajewa, ka je ofishin lasin inda aka yi rajista a fiddo maka bayanin.

Matsalar ita ce mu nan mota sai ta wuce hannu biyar sunan mutumin farko na nan bisa takarda. Ka saya hannun dillali, shi ya saya Kano, na Kano ya saya hannun wani ɗan Legas, kai abin da ke hannunka wata 'yar takarda ce da aka yage daga littafin makaranta, "ni wane na sai da ma wane mota a kan kaza", shaidu biyu, ɗaya ma ya rasu. Haka ta kawu take. Ranar da muka baje takardun gaban lauya ya ɗaga ya duba ya ce, "Baba, wannan sunan na waye?" Kawu ya ce, "Barista, ai wanda na saya hannunshi ma bai san shi ba." Sai da muka yi sati biyu muna neman dillalin, muka same shi, ya zo kotu ya yi takardar rantsuwa cewa shi ya sai da, da ranar, da kuɗin, muka haɗa da shaidar tura kuɗi ta banki da Allah ya sa kawu ta banki ya biya rabi. In kai ma haka taka take, ka bi sarƙar tun daga mai sunan har zuwa kanka gwargwadon yadda za ka iya, kowane hannu da takardarshi. In motar gado ce ka amso takardar rabon gado daga kotun shari'ar da ta raba. In ta kamfani ce, takardar rajistar kamfanin da wasiƙar da ta wakilta ka.

Ka gwada lambar shasi da ta inji da ke jikin takarda da waɗanda ke jikin mota. Wanda ya canza inji bai gyara takarda ba sai ya zo da rasit ɗin injin. Sai maganar kwastan, mu da ke bakin iyaka mun san yadda motoci ke shigowa ta Jibiya da Kwangwalam da Ɗankama, kuma a farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa. In ka san takardar dutinka ba ta da lafiya ka gaya ma lauyanka tun a ɗaki, kar allura ta tono garma a gaban alƙali.

Abu guda da nake roƙonka, kar ka yarda wani ya ce a zauna a rubuta sabuwar yarjejeniya a sa mata tsohuwar rana. Jabu ce, kuma in aka gano ka tashi daga mai neman mota ka koma wanda ake tuhuma.

Mataki na uku, hujjar rashin sani. Wannan ta fi wuya don abu ne na zuciya, sai dai a nuna shi da abin da ke zahiri. Yarjejeniyar da ke tsakaninka da direba in akwai, ko littafin da kake rubuta balas, ko saƙonnin banki na kullum da ke nuna haya motar ke yi. Wasiƙa daga yuniyan, NURTW ko wacce motar ke ƙarƙashinta, cewa motar na layi a tasha kaza tun lokaci kaza. Takardar sunayen fasinja ta ranar. In kayan ta tasha suka bi, littafin webil zai nuna sunan mai aikowa da lambar wayarshi, wannan kuwa zinari ne. Namu bakin hanya aka amsa, ba littafi ba komai, abin da ya cece mu shi ne lambar mai amsar kayan na cikin wayar direba, kuma shi direban ya faɗa a bayaninshi cewa mai mota bai san komai ba. In kurkura ce ka ba yaro yana biya sannu-sannu, takardar yarjejeniyar da sunan wanda ya tsaya mashi. In aro ka bayar, wa ya gani, me ya ce maka zai yi da ita, akwai saƙon WhatsApp? Kar ka goge komai a wayarka. In sata ce, rahoton da ka kai ma 'yan sanda, kuma ranar rahoton ta riga ranar kamu, wanda aka kai bayan an kama mota ba ya da nauyi.

Gaskiya kuma sai an faɗa, in an samu ma'ajiya ta musamman a jikin motar, an yanka ƙasan but an yi walda ko an raba tankin mai, aikinka ya ƙaru sosai, don tambayar farko ita ce yaya za a yi wa motarka wannan aikin ba ka sani ba, sannan motar kanta ta zama shaida da mai gabatar da ƙara zai so alƙali ya gani da ido.

Mataki na huɗu, a rubuta ma kwamandan NDLEA na jihar da ke riƙe da motar. Lauya zai rubuta, ya faɗi wane ne kai, wace mota, lambarta da shasinta, yaushe aka kama, me ya haɗa ka da direban, ya liƙa kwafin takardun duka, ya roƙi a sake ta bisa beli. Sashe na 10 na ACJA ya ba da damar a saki kayan da aka amsa hannun wanda aka kama ga mai su bisa takardar alkawari kafin a gurfanar da shi, in kuma aka ƙi, maganar ta koma kotu ita ta yanke. Ka tabbata an buga ma kwafinka hatimin "an amsa" da kwanan wata, wannan kwafin zai yi maka amfani gaba. Za su iya kiranka su yi tambayoyi, su leƙa gidanka, su duba asusunka. Ka ba da haɗin kai. Wani lokacin nan ake gamawa, wani lokacin su ce sai kotu, kuma in sun ce haka kar ka tsaya jayayya a bakin get.

Bari in ɗan ratse. A wannan tsakanin ne 'yan "na san oga" ke fitowa. Mu ma wani ya zo har gida da babbar riga da turare, ya ce ma kawu, "Alhaji, kwana uku ka ga motarka ƙofar gida, kuɗin goro kawai za a kai sama." Kawu ya sai da tumaki biyu ya ba shi. Yau ne gobe ne, oga ya tafi Abuja, oga ya dawo ba ya jin daɗi, ƙarshe waya ta daina shiga. Ba ma'aikacin ko'ina ba ne ashe. Bayan asarar, ba da cin hanci laifi ne mai zaman kanshi, kuma ko da mota ta fito ta bayan gida sunanta na nan cikin fayil, ana iya tare ta ko yaushe. Duk kuɗin da za ka biya, na lauya ne ko na shigar da takarda a kotu, ka amshi rasit.

Mataki na biyar, kotu, kuma a nan lokaci shi ne komai. Da zarar an gurfanar da direba motar ta shiga hannun alƙali. Lauyanka zai shigar da buƙata cikin wannan shari'ar a matsayinka na mai haƙƙi a kan motar, da takardar rantsuwarka, da hujjojin nan duka a liƙe, da bayanin dokar da ya dogara da ita. A kai ma lauyan hukuma kwafi, shi ma yana da damar ya maido martani, sannan a sa rana. ACJA daga sashe na 330 ta ba kotu ikon yanke yadda za a yi da kayan shaida tun shari'a na gudana da kuma bayan an gama. Abin da lauyoyi kan nuna ma alƙali shi ne ƙwayar ita ce ainihin shaida, mota kuwa ana iya ɗaukar hotonta a rubuta lambobinta, barinta a rana da ruwan sama lalacewa kawai take, ga iyali da ke ci daga gare ta. Takardar rantsuwar nan ka sa a fassara maka layi-layi kafin ka sa hannu, don ana iya yi maka tambayoyi a kanta, kar abin da ka faɗa a ofis ya saɓa da wanda ka rantse.

Ga inda ake yi ma mutane sakiyar da ba ruwa. Shari'ar ƙwaya da yawa ba ta daɗewa, direba ya ga an kama shi dumu-dumu sai ya amsa laifi ranar farko don a sassauta mashi, nan take mai gabatar da ƙara ya miƙa kayan shaida, ya roƙi a ƙona ƙwaya a ƙwace mota, in babu wanda ya miƙe ya ce motar tawa ce alƙali na iya ba da umarnin a wannan zaman. Kai kana gida kana jiran a kira ka. Ba wanda zai kira ka. Don haka ka san lambar shari'ar, ka san ranar gurfanarwa, lauyanka ya shigar da takardarka kafin ranar ko ya kasance a zaune cikin kotu. Kuma ka samu lauyanka daban da na direba, don abin da zai fid da shi ba lallai shi ne zai fid da motarka ba. Ka kuma sa a ranka Babbar Kotun Tarayya na tafiya dogon hutu daga wajen ƙarshen Yuli zuwa Satumba, wanda ya yi sanya har hutu ya riske shi ya ƙara ma motarshi damina guda a waje.

Akwai wata hanyar kuma. Tun 2022 da aka sa hannu a dokar ƙwato dukiyar da aka samu ta hanyar laifi, hukuma na iya neman ƙwace kaya ko ba a ɗaure kowa ba, misali direba ya tsere ya bar mota. Kotu ta fara ba da umarnin wucin gadi, a buga sanarwa a jarida cewa mai haƙƙi ya fito, wa'adin kan zama kwana 14. Wa ke karanta shafin sanarwa na jaridar Turanci a tasha? Shi ya sa wasiƙar nan mai hatimi ke da amfani, ta nuna hukuma ta san da kai da adireshinka, kuma lauyanka ya riƙa leƙa rajistarar kotu. In kuwa wata da watanni sun wuce ba a kai kowa kotu ba, ba a nemi umarni ba, ba a kuma saki mota ba, lauya na iya shigar da ƙara ta neman haƙƙinka na mallaka kai tsaye.

In har an riga an ƙwace, ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya ba amma ta ƙuntata. Ana iya komawa a roƙi a janye umarnin bisa dalilin ba a saurare ka ba, ko a tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara, inda wanda ba ya cikin shari'ar tun farko sai ya nemi izini, kuma wa'adin bai wuce wata uku ba. Sai ka auna kuɗin da darajar motar, kuma a yi kafin a kai ta gwanjo.

Mataki na ƙarshe, ranar amsa. Alƙali ya ce a saki ba shi ne ka ruga ka ɗauko makulli ba. A buga umarnin, alƙali ya sa hannu, ka amshi kwafi mai hatimin kotu, lauya ya kai ma hukuma da wasiƙa. Ka cika sharuɗɗan, yawanci takardar alkawari ta wani adadin kuɗi wanda ba biya za ka yi ba sai in ka saɓa, da mai tsaya maka, da hotunanku. Sharuɗɗan kan haɗa da kawo motar duk ranar da kotu ta nema, ba sayarwa, ba jinginarwa, ba canza fenti ko lamba ko inji. Wannan riƙon amana ne, motar ba ta gama zama taka ba sai an yanke hukunci lauya ya nemi a sauke maka alkawarin a rubuce. Wanda ya sai da ita kafin nan, shi da mai tsaya mashi ne za su amsa.

Ka tafi da bakanike da batir da galan ɗin mai da famfon taya, da kuɗin janwe ko da za a buƙata. Kafin ka sa hannu a littafin cewa ka amsa, ka zagaya motar da jerin kayan nan na ranar farko, ka ɗauki hoto, abin da babu ka sa a rubuta. Ta kawu wata bakwai ta yi, mun tarar da tayu biyu sun zauna, ɓera ya ci wayoyin dashbod, ciyawa ta fito har ta rufe lamba. Bakanike ya sha fama kafin ta tashi, ta yi ta hayaƙi har Ƙofar Ƙaura. Inshora da lasin duk sun mutu tana tsare, sai da muka sabunta kafin ta koma layi, kwafin umarnin kotun kuma kawu ya sa aka yi mashi leda, shina cikin dashbod tare da takardun mota.